RAHOTON MUSAMMAN: Shekarun farko a gaban allo, lokacin da babu mai leƙa ajin sabon malami

Duk wanda ya kama aikin koyarwa a makarantar firamare ta gwamnati a Babban Birnin Tarayya a farkon shekarar karatu ta 2024/2025, bai cika shekara da alli a hannu ba sai da ya ga an garƙame ajinsa fiye da wata uku. Tun ranar 24 ga Maris, 2025 malaman firamare na ƙananan hukumomin Abuja shida, wato AMAC da Bwari da Gwagwalada da Kuje da Kwali da Abaji, suka ajiye aiki saboda rashin biyan su mafi ƙarancin albashi na naira 70,000 da sauran haƙƙoƙin da suke bi. Ba su koma ba sai cikin watan Yuli, bayan Ministan Abuja, Nyesom Wike, ya shiga tsakani, aka amince a yi amfani da kason kashi 10 cikin 100 da ƙananan hukumomin ke samu daga kuɗin shigar Abuja domin rage bashin.

Tsofaffin malamai sun sha ganin irin wannan, wasunsu ma suna iya lissafo yajin aikin da suka yi tun zamanin soja. Sabon malami kuwa, wanda bai gama haddace sunayen yaran ajinsa ba, abin da shekararsa ta farko ta koya masa shi ne aikin da ya shiga ba ya riƙe mutum, sai da wani abu a gefe. A irin wannan zaman dole ne ake fara koyar da 'ya'yan masu hali a gidajensu, ko a buɗe teburin POS, ko a karɓi Keke Napep na haya. Idan an koma makaranta jiki kan dawo aji, amma rabin hankali ya riga ya zauna a can.

A 'yan shekarun nan gwamnati ta sa hannu sosai a ƙofofi biyu na aikin malanta. A ƙofar shiga, Hukumar Rajistar Malamai ta Ƙasa, TRCN, wadda aka kafa a 1993, ta fara shirya jarrabawar cancanta tun 2017, kuma cin ta ne ke ba mutum rajista da lasisi. A ƙofar fita, Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a watan Afrilun 2022 kan dokar da ta mayar da ritayar malamai shekara 65 da haihuwa ko 40 a bakin aiki. Amma da zarar an wuce ƙofar shiga akwai shekaru biyu zuwa uku waɗanda a cikinsu ne mai takarda ke zama malami ko ya karaya, kuma a mafi yawan makarantun ƙasar nan babu wani jami'i da za a nuna a ce shi ke da alhakin waɗannan shekaru.

Lamarin bai tsaya kan mutum ɗaya ko biyu ba. Ƙidayar ma'aikata da Hukumar Ilimin Bai-Ɗaya ta Ƙasa, UBEC, ta gudanar a 2022 ta nuna ana buƙatar ƙarin malamai 194,876 a makarantun firamare na gwamnati. Duk wani shiri na cike wannan giɓi, ko daga Abuja ya fito ko daga jiha, shiri ne na zuba dubban sababbin hannu a cikin azuzuwa. Yadda za a karɓe su shi zai nuna ko an cike giɓin ne, ko kuwa ɗiban ruwa ake yi da kwando.

Ƙofofin shiga

Kaɗan ne daga cikin matasan da ke koyarwa a yau suka fara da takardar ɗaukar aiki ta dindindin. Tun 2006 UBEC ke da Shirin Malaman Tarayya, FTS, wanda ke ɗaukar masu shaidar koyarwa aikin shekara biyu, a biya su alawus daga Abuja, da fatan jihohi za su riƙe su bayan wa'adi. Wasu jihohin sun riƙe, wasu sun sallame su. A 2016 aka zo da N-Power, wanda ɓangarensa na koyarwa ya tura masu digiri da NCE makarantu a kan naira 30,000 a wata, har aka dakatar da shirin a Oktoban 2023 alhali wasu na bin bashin watanni. Jihohi ma sun buɗe nasu ƙananan ƙofofin: J-Teach a Jigawa, S-Power a Katsina, malaman BESDA a Kano da wasu jihohi. Daga baya gwamnatocin waɗannan jihohi uku sun mayar da dubbai daga cikinsu ma'aikatan dindindin, abin da ya cancanci yabo, sai dai an yi hakan ne bayan mutane sun shafe shekaru ba su san matsayinsu ba.

Akwai kuma malaman PTA, waɗanda ƙungiyar iyaye ke biya daga kuɗin da take tarawa. Hatta kwalejojin haɗin kai na Gwamnatin Tarayya, da ake ɗauka su ne zakaran gwajin dafi, sun daɗe suna dogaro da irin waɗannan malamai. Sai masu yi wa ƙasa hidima, waɗanda ake tura da yawansu makarantu ko da ba su taɓa karanta fannin koyarwa ba. Sai kuma makarantun kuɗi na unguwa da suka cika Mararaba da Masaka da Nyanya da Zuba da Madalla, inda sabon mai NCE ya fi saurin samun aiki, a kan albashin da mai makaranta ya ga dama, ba takardar yarjejeniya, ba fansho, kuma a wurare da dama ba a biyan watan hutu.

Abin da ya haɗa waɗannan ƙofofi shi ne babu mai ganin hikimar kashe kuɗi ko lokaci a kan malamin da ake sa ran zai tafi. Hedimasta ba zai ɓata ransa wajen gyara wa ɗan bautar ƙasa salon koyarwa ba, tunda wata goma sha ɗaya ne ya kama gabansa. Shi ma malamin wucin gadi idonsa na kan shafin neman aikin Kwastan ko Shige da Fice. Yaran da ke zaune a gabansa ne kaɗai ba na wucin gadi ba. Ajin biyu sau ɗaya yaro ke yin sa.

Abin da kwaleji ta bayar

Manufar ilimi ta ƙasa ta tsayar da NCE a matsayin mafi ƙarancin shaidar koyarwa. Karatun shekara uku ne a kwalejin ilimi, ƙarƙashin kulawar hukumar NCCE da aka kafa a 1989. Amma duba wa ke shiga. A taron tsara gurbin karatu na JAMB na 2025, an sa mafi ƙarancin makin shiga jami'a a 150, na kwalejojin ilimi kuwa 100 cikin 400. Ba laifi ba ne yaro ya samu 100, kuma akwai haziƙan malamai da suka fito ta wannan hanya. Sai dai saƙon da ake aika wa iyaye da 'ya'yansu a bayyane yake: malanta ita ce wurin da ake zuwa idan sauran ƙofofi sun rufe.

A cikin kwalejin, ɗalibi kan haɗa darussa biyu ya ƙware a kansu, kamar Hausa da Nazarin Addinin Musulunci, ko Tattalin Arziki da Nazarin Zamantakewa. Akwai sashe na musamman na koyar da 'yan firamare, amma ba shi ne ɗalibai suka fi rububi ba. Don haka sai a wayi gari wanda ya shekara uku yana nazarin tattalin arziki an miƙa masa ajin ɗaya, an ce ya koya wa 'yan shekara shida haɗa baƙi da wasali. Wannan fanni ne mai zaman kansa, mai dabaru da matakai, kuma sanin karatu ba ya nufin iya koyar da shi.

Gwajin koyarwa, wanda ɗalibai ke kira TP, shi ya kamata ya toshe wannan ɓaraka. A takarda zango ne guda na zama a makaranta ƙarƙashin idon malamin aji da na malamin kwaleji. A aikace, malamin kwaleji ɗaya na iya samun ɗalibai masu yawa a warwatse cikin garuruwa, ya leƙa kowanne sau ɗaya ko biyu, ya duba littafin shirin darasi, ya ba da maki. Malamin ajin da aka ce ya zama jagora kuwa sau da yawa yakan ɗauki zuwan ɗan TP a matsayin hutu, ya bar masa ajin ya koma gindin bishiya.

Dattawa kan tuna da zamanin kwalejojin horon malamai masu ba da shaidar Gired Tu, inda yaro ke shiga tun yana ɗanye, ya tashi da tarbiyyar malanta, ya riƙa gwaji a makarantar firamare da ke kusa da kwalejin. Wasu kan koma baya har Kwalejin Katsina da aka kafa a 1921 domin horar da malamai, wadda ta yaye Ahmadu Bello da Abubakar Tafawa Ɓalewa, dukkansu kuma da alli suka fara, ɗaya a Midil ta Sakkwato, ɗaya a Midil ta Bauchi. A Midil ta Bauchin ne Malam Aminu Kano ya fara koyarwa yana matashi, ya tarar da Tafawa Ɓalewa a cikin manyan malamai. Adalci dai shi ne a tuna cewa wancan tsari 'yan ƙalilan ya ɗauka. Da aka buɗe ƙofar ilimi ga kowa da shirin UPE a 1976, yaran da suka fito sun zarce lissafin gwamnati, aka shiga horar da malamai cikin gaggawa, aka kafa Cibiyar Malamai ta Ƙasa, NTI, a Kaduna domin ɗaga darajar waɗanda aka riga aka tura aji. Tun daga lokacin ƙasar ke ɗaukar malami tukuna, sannan ta yi tunanin horonsa.

Kaduna ta gwada gyara da gatari. A 2017 gwamnatin Nasir El-Rufai ta yi wa malaman firamare kimanin 33,000 jarrabawa, 21,780 suka kasa samun kashi 75 cikin 100, aka sallame su, aka yi shelar ɗaukar 25,000. Ba a jima ba, a 2018, aka sake sallamar sama da 4,000 daga cikin sababbin da aka ɗauka bisa dalilin rashin cancanta. Ko mutum ya goyi bayan matakin ko bai goya ba, abin da ya fito fili shi ne sababbin daga rijiya ɗaya aka ɗebo su da tsofaffin.

Litinin ta farko

Sabon malami kan isa makaranta da takardar turawa daga ofishin sakataren ilimi. Hedimasta ya karɓe shi, ya sa hannu a littafin zuwa aiki, a gabatar da shi a wurin taron safe, a nuna masa aji. Yawanci nan bikin tarba ya ƙare. Ajin da ake ba shi kuma ba kasafai yake zama mai sauƙi ba, domin tsofaffin hannu sun riga sun zaɓi nasu. Abin da ya saura shi ne ajin ɗaya mai cunkoso da kuka, ko darasin Lissafi da kowa ke gudu, ko azuzuwa biyu da aka haɗe saboda rufin ɗaya ya yaye.

Ƙa'idar ƙasa ta ce malami ɗaya ga yara 35 a firamare. A makarantun cikin gari a Kano ko Kaduna, da na unguwannin da ke kewaye da Abuja, ba abin mamaki ba ne a tarar da ninkin wannan adadi sau biyu ko uku a ɗaki guda, wasu a benci, wasu a ƙasa. Dabarun da ya karanta a kwaleji, na raba yara rukuni-rukuni da bin kowane yaro gwargwadon fahimtarsa, an rubuta su ne da ƙaramin aji a zuci. Cikin mako biyu sai ya koma ga abin da ya gani yana yaro: ya rubuta a allo, ya faɗa, yara su amsa da ƙarfi, su kwafa. Amsa-kuwwa na sa aji ya yi kama da wurin karatu, kuma tana ɓoye yaron da ya kai aji huɗu bai iya karanta sunansa ba. Idan hayaniya ta yi yawa sai ya ɗauki bulalar da aka ce masa a kwaleji kada ya ɗauka, tunda babu wanda ya nuna masa abin da ake yi a madadinta.

Koyarwar ma ɓangare ce kawai ta aikin. Akwai rajistar kiran suna safe da rana. Akwai rubuta shirin darasi na kowane mako a kai wa hedimasta ko mataimakinsa ya sa hannu, da littafin abin da aka koyar, da gwaje-gwajen cikin zango, da haɗa maki da cike katin sakamako na kowane yaro da hannu. Kasancewarsa mafi ƙuruciya, shi ne malamin wasanni, shi ne mai kula da shara, shi ne mai rubuta bayanan taro, kuma idan ya iya kwamfuta ya zama sakataren makaranta ba tare da an naɗa shi ba. A makarantar kwana a ƙara masa da kula da ɗakin kwanan ɗalibai. A ƙauye shi ne zai bi sawun yaran da suka ɓace ranar kasuwa ko lokacin girbi, ya zauna da uban da ke shirin cire 'yarsa, alhali shi kansa sa'ar ɗan mutumin ne. Yaro mai yunwa, da mai ciwon ido da ba ya ganin allo, da wadda ake cin zalinta a gida, duk shi ne ma'aikacin gwamnati na farko da zai lura da su, idan yana da idon lura.

Sai batun harshe, wanda ya fi kowanne ɗaure wa sabon malami kai. An daɗe manufar ilimi na cewa a koyar da shekaru ukun farko da harshen uwa ko harshen da ya fi rinjaye a wurin. A ƙarshen 2022 Majalisar Zartaswa ta Tarayya ta amince a faɗaɗa hakan zuwa shekara shida na firamare. A Nuwamban 2025 Ministan Ilimi, Tunji Alausa, ya sanar da soke wannan manufa da komawa Turanci. Duk wannan kai-komo a kan malamin aji yake sauka. A ƙauyukan Kuje ko Kwali, aji ɗaya na iya haɗa yara masu jin Gbagyi da Bassa da Gade da Hausa da Fulatanci, malamin kuma daga wata jiha ya fito. Abin da yake yi shi ne ya karanta da Turanci, ya yi bayani da Hausa ko Turancin buroka, ya bar sauran ga Allah. Shirye-shirye irin su RANA a Katsina da Zamfara, da Mu Karanta a Bauchi da Sakkwato, sun nuna ana iya koya wa malami dabarun koyar da karatu da Hausa, a ba shi littafin jagora da na yara. Amma shirye-shirye ne na masu ba da tallafi, masu wa'adi.

Albashi da wurin aiki

Mai NCE kan shiga aikin gwamnati a mataki na 7, mai digiri a mataki na 8. Ma'aikacin tarayya ya san zaman jiran da ke tsakanin kama aiki da shigar suna cikin tsarin biyan albashi; malamin ƙaramar hukuma ma yana da irin nasa, kuma shi a garin da bai san kowa ba yake yin sa, da bashin haya da na mai shago. Tambayar wa ke biyan malamin firamare tsohuwa ce. A 1988 an kafa hukumar ƙasa ta kula da ilimin firamare, a 1991 aka rushe ta aka miƙa ragamar ga ƙananan hukumomi, albashi ya riƙa maƙalewa, a 1993 aka dawo da hukumar. Wannan tarihin ne ya sa Ƙungiyar Malamai ta Ƙasa, NUT, ta nuna fargaba bayan hukuncin Kotun Ƙoli na 11 ga Yuli, 2024 kan 'yancin kuɗin ƙananan hukumomi. A Abuja bambancin a fili yake: malamin firamare ƙaramar hukuma ke biyan sa, na sakandare kuwa Hukumar Babban Birnin Tarayya, ko da katanga ɗaya ce ta raba makarantunsu.

A Ranar Malamai ta Duniya, 5 ga Oktoba, 2020, gwamnatin Buhari ta yi alƙawarin tsarin albashi na musamman ga malamai, da alawus ga masu aiki a karkara, da ƙarin shekarun ritaya. A shekarar da ta biyo baya aka ƙara da alƙawarin naira 75,000 a kowane zango ga masu karatun digirin koyarwa, da 50,000 ga 'yan NCE. Daga cikin manyan alƙawuran, na ritaya ne ya zama doka. NUT na ci gaba da tunatar da gwamnati na albashin duk shekara. Abin lura shi ne alƙawarin da ya tabbata na waɗanda suka kusa fita ne, waɗanda suka maƙale kuma su ne da za su fi amfanar mai shigowa. Tun Maris ɗin 2025 mai yi wa ƙasa hidima ke karɓar naira 77,000, saboda haka a inda ba a aiwatar wa malaman firamare sabon albashi ba, ɗan bautar ƙasa na iya fin sabon malamin dindindin da suke zaune a benci ɗaya.

Turawa wurin aiki ma tana bin wanda ba shi da kowa. Mai uwa a gindin murhu kan zauna a gari. Sabo marar hanya shi ake kai wa makarantar da sai an hau babur an ƙetare rafi, inda babu gidan malamai. Ga mace abin ya fi tsanani, alhali a irin waɗannan ƙauyuka ne ganin malama ke sa iyaye su saki 'ya'yansu mata. Sai kuma tsoro. A 2017 UNICEF ta ce an kashe malamai sama da 2,295 a Arewa maso Gabas tun 2009, wasu 19,000 sun bar muhallinsu. A Kagara da Birnin Yawuri a 2021, da Kuriga a Maris ɗin 2024, ba ɗalibai kaɗai 'yan bindiga suka kora daji ba, har da malamai. Matashin da ya ƙi zuwa irin wannan wuri, ko ya riƙa zuwa sau biyu a mako, ba lallai lalaci ne ke damun sa ba.

Abin da ke hannun Abuja

Likita ba ya fita jami'a a ba shi asibiti. Sai ya yi shekara guda ta koyon aiki ƙarƙashin manya. Haka mai haɗa magunguna. A malanta, TRCN kan shirya bikin rantsar da sababbin malamai, taron yini guda, daga nan sai aji. Ingila, wadda daga gare ta aka gaji tsarin makarantun nan, ta sake fasalin nata tun Satumban 2021: sabon malami na yin shekara biyu a matsayin mai koyon aiki, ana rage masa kashi 10 cikin 100 na darussa a shekarar farko da kashi 5 a ta biyu, kuma ana ware masa jagora takamaimai daga cikin malaman makarantar. Ita ce kuma ƙasar da tun Fabrairun 2023 ta buɗe wa ƙwararrun malaman Najeriya na wasu darussa, irin su Lissafi da Kimiyya, ƙofar neman shaidar koyarwa a can.

Za a ce Ingila na da kuɗi. Gaskiya ne, kuma rage wa malami darussa a makarantar da malamai uku ke riƙe da aji shida magana ce ta fatar baki. Amma yawancin kayan aikin suna nan a ƙasa, ba a haɗa su ba ne. Dokokin aikin gwamnati sun riga sun tanadi shekara biyu na gwaji kafin a tabbatar da ma'aikaci. Jarrabawar tabbatarwa da ma'aikacin tarayya ya sani tana auna saninsa da dokokin aiki da ƙa'idojin kashe kuɗi, ba a tsara ta don auna koyarwa ba. Babu abin da ya hana a ce tabbatar da malami sai an haɗa da rahoton wani babba da ya zauna a bayan ajinsa sau da dama, ya ga yadda yake yi, suka tattauna, ya dawo ya ga ko an samu canji.

Wanda zai zauna a bayan ajin ma akwai shi. Dokar 2022 ta ƙara wa gogaggun malamai shekara biyar, a inda aka aiwatar da ita. Matasa na ƙorafin cewa hakan ya toshe musu gurabe, kuma ƙorafin na da tushe. Hanya ɗaya ta mayar da wannan ƙari riba ita ce a ɗora wa waɗanda suka amfana, musamman waɗanda aka shaida da iya aiki, nauyin renon sababbi, a rubuta shi cikin aikinsu, a rage musu wani abu a madadinsa. Ba kowane daɗaɗɗe ne gwani ba, kuma mugun jagora na iya koya wa sabo makara da sa hannu a madadin wani. Zaɓen ne ke buƙatar hankali.

Kuɗin horo ma akwai. Dokar UBE ta 2004 ta ware wa ilimin bai-ɗaya kashi 2 cikin 100 na asusun kuɗin shiga na Gwamnatin Tarayya, kuma a tsarin rabon da aka daɗe ana bi, kashi 10 na wannan kuɗi na horar da malamai ne. Yawancinsa kan tafi ne a bitar 'yan kwanaki lokacin hutu, a babban ɗaki, da alawus da takardar halarta, kuma da yake akwai alawus, sunan sabon malami ba kasafai yake shiga jerin ba. Jihohin da suka yi aiki da shirye-shiryen ESSPIN da TDP, irin su Jigawa da Kano da Kaduna, sun san wata hanyar: jami'an tallafa wa makarantu da ke zagayawa su zauna a aji, da taron malaman makarantu maƙwabta. Edo ta bi tata hanyar a 2018 da EdoBEST, inda aka riƙa ba malami na'ura mai ɗauke da darasin ranar a shirye. Masu suka na cewa hakan na mayar da malami mai karanta rubutun wani, amma ga wanda ya shiga aji jiya, darasi shiryayye ya fi kame-kame.

Firamare dai a hannun jihohi da ƙananan hukumomi take, kuma Abuja ba ta da ikon tilasta wa sakataren ilimi na wata ƙaramar hukuma ya naɗa jagora. Abin da take da shi shi ne sharuɗɗan da UBEC ke gindayawa kafin ta saki kuɗin horo, da ƙa'idojin sabunta lasisi da ke hannun TRCN, da kuma makarantunta na kanta. Kwalejojin haɗin kai sama da 100 suna ƙarƙashin Ma'aikatar Ilimi ta Tarayya kai-tsaye. A can ba sai an jira gwamna ko shugaban ƙaramar hukuma ba: takardar umarni daga Babban Sakatare ta isa ta sa kowane shugaban kwaleji ya aiko da sunayen malaman da ba su cika shekara biyu ba, har da na PTA, da sunan wanda ke kula da kowannensu, da ranakun da ya shiga ajinsa a zangon da ya wuce.